Ƙwai a Baka ko Kaza a Akurki?

Ƙannenmu 'yan aji shida na Dutsin-Ma da Kurfi, da yawanku likitanci kuke so. Ga tsaka-mai-wuyar da ake shiga duk shekara: an ba ka gurbin aikin jinya a Jami'ar Bayero, sai wani ya ce ka ƙi, sunanka zai fito a likitanci a jeri na gaba. Ko kuma a ce karɓi wani kwas, in ka yi ƙoƙari a mayar da kai a aji biyu.

Mu da muka riga ku shiga jami'a, ga abin da muka sani. Tun 2017 JAMB ke ba da gurbi ta CAPS. Abin da bai fito can ba, alkawari ne kawai. Da ka danna karɓa, sauran ƙofofin sun rufe a wannan shekarar. Kuma hukumar MDCN ke ƙayyade yawan ɗaliban likitanci a kowace jami'a, don haka ko makinka ya yi kyau, canjin kwas sai da gurbi.

A Amurka hanya biyu ake bi a zama likita, MD da DO. A nan digirin jinya ba ya mayar da kai likita. Sana'a ce mai zaman kanta, karatun shekara 5.

In hidimar marasa lafiya ce burinka, karɓi ƙwanka. In lallai sai likitanci, nemi sharaɗin a rubuce. Ku zauna da iyayenka ku lissafa kuɗin sake JAMB da shekarar da za ta tafi, kafin ka danna ƙi.