Tafiya Mabuɗin Ilimi, In An Dawo Gida

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Masu shirya fim ma sun daɗe da riƙe wannan zance: saurayi ya gaji da zaman gari, ya saɓa jakarsa, ya shiga uwa duniya domin ya san ko shi wane ne. Fina-finai biyu, ɗaya na Amurka, ɗaya na nan Nijar, sun isa su nuna inda irin wannan tafiya ke da riba, da inda take cinye har uwar kuɗi.

Na farko shi ne Into the Wild, wanda Sean Penn ya fitar a 2007 bisa littafin da Jon Krakauer ya wallafa a 1996. Labari ne da ya faru. Christopher McCandless, ɗan masu hali, ya gama jami'a a 1990, ya kyautar da dalar Amurka 24,000 ga ƙungiyar agaji ta Oxfam, ya yanke hulɗa da iyayensa, ya yi ta yawo har shekara biyu. A watan Afirilu na 1992 ya shiga dajin Alaska shi kaɗai, da ƴar bindiga da shinkafar da ba ta kai kilo biyar ba, ya tare cikin wata tsohuwar motar bas da aka yasar.

Nan daji ya fara yi masa karatu. Ya harbe wata ƙatuwar dabba mai kama da gwanki, sai dai bai san yadda ake yanyanka nama a shanya ba, mafi yawansa ya ruɓe. A watan Yuli ya ƙudura komawa cikin mutane, ya tarar kogin Teklanika, wanda ya ƙetare da ƙafa a zuwansa, ya cika ya batse saboda narkewar ƙanƙara. Ƙasa da kilomita ɗaya daga wurin akwai igiyar ƙarfe da kwandon da ake ƙetarewa da shi, amma ba ya da taswirar da za ta nuna masa. Ya koma cikin motar, yunwa ta kashe shi a watan Agusta yana da shekara 24. Da mafarauta suka tarar da gawarsa a watan Satumba, nauyinta bai wuce kilo 30 ba.

Fim ɗin ya ƙawata wannan kaɗaici har matasa daga ƙasashe dabam-dabam suka riƙa zuwa ganin motar. Mata biyu suka nutse a kogin nan, ɗaya a 2010, ɗaya a 2019. A 2020 hukumomin Alaska suka sa jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke motar daga dajin.

Fim na biyu shi ne Jaguar, wanda Jean Rouch ya ɗauka tsakanin 1954 da 1955, ya fito a 1967. Samari uku suka tashi daga Ayoru zuwa cin rani a Gwalkwas, wato Gana ta yau: Damouré Zika marubucin wasiƙu, Lam Ibrahim Dia makiyayi, da Illo Gaoudel masunci. Su ma sun taka daji da ƙafa, sun ratsa Dahome da Togo, sun ga al'ummomin da ba su taɓa gani ba, sun kai bakin teku. Damouré ya samu aiki wurin ƴan katako a Akara, Illo ya yi dako a bakin jiragen ruwa, Lam ya shiga kasuwar Kumasi. Daga baya suka haɗa jari suka buɗe ƴar rumfa. Da damina ta gabato suka koma gida, suka rabar da abin da suka tara, suka saura da labari da ƙima a idon jama'a.

Dukansu huɗu sun bar gida suna neman sanin kansu, kuma ba a rasa McCandless da ƙarfin zuciya ba. Abin da ya raba su shi ne shiri. Samarin Ayoru sun tafi a ƙungiya, kowa da sana'a a hannu, sun bi hanyar da magabata suka sani, sun kuma san lokacin dawowa. Shi kuwa ya ɗauki tambaya da jagora a matsayin rauni. Ko ayarin gishiri mai ratsa Tenere zuwa Bilma ba ya tashi ba madugu, duk da cewa mutanensa cikin hamada aka haife su.

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ɗansa ya zo masa da zancen tafiya ba ya da ribar hana shi da faɗa, domin wanda aka hana da rana ya kan sulale da dare. Gara ya zaunar da shi ya tambaye shi da wa za ya tafi, wace sana'a za ta ciyar da shi a hanya, wa ya san hanyar, kuma yaushe za ya dawo. Saurayin da ya kasa amsa waɗannan bai isa tashi ba tukuna. Wanda ya amsa su a sa masa albarka, a ba shi guzuri, a jira tsarabarsa.