Mu Kai 'Ya'yanmu Su Ga Tafkin Volta

Ɗan kasuwar Nima ko Malam ya san hanyar Aflao kamar yunwar cikinsa, amma 'ya'yansa ba su taɓa ganin Tafkin Volta ba. A ganina wannan sakaci ne. Lahadi guda ta isa: ka ɗebe su a motarka, ku bi ta lambun Aburi da aka buɗe a 1890, ku gangara gadar Adomi, ku tsaya a madatsar Akosombo da aka kammala a 1965. A nan ka gaya musu cewa can arewa ruwan nan ya cinye tsohon garin Kete Krachi, zangon fatakenmu, inda Alhaji Umaru ya karantar har rasuwarsa a 1934. In ba mu nuna musu ba, wa zai nuna?