Ɗumame Ba Abin Kunya Ba Ne

Miji da mata su biyu a Abuja, amma kullum tukunyar gidan gandu ake ɗorawa, rabin abincin ya ƙare a bola. Almubazzaranci ne, ko da mun laƙaba masa sunan karamci. Kakanninmu sun ƙoshi da wake, zogale da daddawa ba su jira nama ba, sun kuma karya kumallo da ɗumame. Ku dafa wake rabin mudu, ku rarraba a ƙananan robobi, ku sa a firiza kafin awa 2 ta cika. Muddin yana daskare, zai yi watanni. Masu cewa wuta ba ta tsayawa suna da hujja: to, su rage tukunya. Mai raina ɗumame dai ba shi ke awo ba.