FILIN UWARGIDA: Ta Haɗiyi Ƙwayar, Sai Zuciya Ta Juya

 Yau babu girki, babu gyaran jiki. Abin da na gano a Kebbe ne ya tsaya mini a rai, na ce sai na amayar muku.

Biki ne ya kai ni, na ɗiyar wata aminiyata. Daren da aka sa amarya a lalle, ina kishingiɗe a ɗakin tsohuwa, sai ga wata yarinya ta shigo sumu-sumu da goyo a baya. Zan sakaya sunanta. Ba ta wuce shekara 20 ba, yaron kuwa watansa 7. Ta durƙusa ta ce, "Inna, an ce kin san boko. Ki taimake ni don Allah, na yi ɓanna."

Ashe kwanika ta yi, ciki wata 2 ga yaro a nono. Kun dai san bakin mutanenmu. Kishiya ta fara habaici, uwar miji na cewa nonon ciki zai lalata mata jika, maigida kuma ya koma ci-rani Ikko. Sai wata ƙawa ta raka ta wani kemis, aka miƙo mata kwali ba tambaya ba bayani. Ta haɗiyi ƙwayar farko da hantsi, aka ce sauran sai gobe. Da dare tana shayar da yaron ta dubi fuskarsa, sai kuka ya ƙwace mata.

"Inna, ban son shi zube."

Allah sarki! Kafin ta zo wurina ta sha manja, ta sha madara, ta zura yatsa a maƙogwaro wai ta amayo. Yo ƙwayar da ta yini a ciki ai ta riga ta bi jini, ba abin da amai zai dawo da shi.

To bari in yi muku bayanin kwalin nan, don rashin saninsa ke kai mata kabari. Magani iri biyu ne a ciki. Na farko, mifepristone, yana toshe aikin sinadarin da ke riƙe ciki, wanda likitoci ke kira furojestaron. Na biyu, misoprostol, shi ke murɗa mahaifa ta turo abin da ke cikinta. Wadda ta tsaya a na farko, wani cikin yakan tsaya, wani ya zube, kuma yana iya zubewa da jini mai yawa bayan kwanaki. Babu mai iya ba ki tabbaci, duk wanda ya ce zai iya, kuɗinki yake so.

A Amurka akwai masu tallar cewa idan aka ɗura wa mace furojestaron zai warware aikin ƙwayar. A 2019 likitoci a Kalifoniya suka gwada abin don a san gaskiya. Mata 12 kacal aka ɗauka aka dakatar da gwajin, domin uku sun yi zubar jinin da sai da aka garzaya da su asibiti. Ƙungiyar likitocin mata ta ƙasar ta ce babu hujjar da ta tabbatar yana aiki. Saboda haka kada wani mai allurar ƙauye ya yaudare ki.

Wadda kuma ta riga ta sha misoprostol cikin bai fita ba, tata ta fi buƙatar sa ido. A Barazil, cikin shekarun 1990, an lura da jariran da aka haifa da shanyewar fuska ko tawayar hannu da ƙafa bayan uwayen sun sha shi a farkon ciki. Mafi yawa lafiya lau ake haifarsu, amma haɗarin ya ƙaru, dole likita ya sani.

Ni dai na karɓe ragowar ƙwayoyin na ƙulle a bakin zane. Da asuba muka ce yaro ne ba lafiya, Allah ya yafe mini wannan ƙaryar, muka shiga mota zuwa Tambuwal. A hanya jikinta sai ɓari yake, wai za a kira mata 'yan sanda. Gaskiya ne dokar Arewa ta hana zubar da ciki sai don ceton ran uwa, malamanmu na Malikiyya ma sun tsananta a kai. Amma wannan tsoron ne ke sa mace ta ce wa ungozoma "faɗuwa na yi", a yi ta lalube cikin duhu. Na ce da ita, "Ɗiyata, ki faɗi sunan maganin da lokacin da kika sha, ga kwalin nan ki nuna."

Haka ta yi, kanta a sunkuye. Ba wanda ya daka mata tsawa. Aka yi mata hoton ciki, aka ga zuciyar ɗan tayi na bugawa. Aka ce ta dawo bayan mako 2, amma in ta ga jini na jiƙe audugar mata biyu cikin awa guda har awa 2 a jere, ko zazzaɓi, ko jiri, ko wari, kada ta jira gari ya waye. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Ku kuma maza, da ku nake. Da an zauna da yarinyar nan an yi maganar tazarar haihuwa tun tana jego, da ba ta san hanyar kemis ba.

Da muka dawo Kebbe ana ta guɗar kai amarya. Ta riƙe mini hannu a zaure ta ce, "Inna, wa za ya gaya mashi?" Na ce ki ba ni lambarsa. Na kira shi bayan la'asar, ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, can ya ce yana tafe ranar Juma'a.

Ku sa ta a addu'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.