Baƙin tabo a tafin ƙafa: a kai wa likita, kada a kai wa wanzami

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, akwai wani ciwon daji na fata da likitoci ke kira melanoma. Da yawa na zaton cutar Turawa ce, tunda su rana ke ƙona wa jiki. Gaskiya ne ta fi yawa gare su. Amma tana kama baƙar fata, kuma gare mu ta fi fitowa inda rana ba ta kai: tafin ƙafa, diddige, tafin hannu ko ƙarƙashin akaifa.

Abin da ya dame mu shi ne shirun da take yi. Da fari ɗan tabo ne baƙi, babu zafi, babu ƙaiƙayi. Manomin da ya yini cikin gona sai ya ce ƙaya ce ya taka, ko kaushi ne. Mace kuma lalle na iya rufe mata shi. To, lalle yana goguwa, raunin ƙaya yana warkewa. Jinin da ya kwanta bayan hauya ta bugi akaifa yana tafiya gaba tare da akaifar har a yanke shi. Wannan tabo kuwa yana nan, yana faɗi, gefensa ba daidai ba, launinsa na sauyawa, daga baya ya fashe ya zama gyambo. In har kaluluwa ta fito a matsematsi, wataƙila cutar ta riga ta fara bin jiki.

Ra'ayinmu shi ne, aska ba ta da aiki a nan. Tsaga, ƙaho da lalas suna ɓata wurin, suna cinye watannin da ake iya ceton mutum. A asibiti kaɗai ake gane cutar: likita ya ciro tabon, a duba shi da madubin awo. In kaurinsa bai kai milimita 1 ba, ana yanke shi da ɗan naman da ke kewaye, kuma mafi yawan masu shi suna warkewa. In ya yi zurfi, aikin ya yi girma, wani lokaci har yatsa ke tafiya.

Mun san tsoron yanka ne ke hana mutane zuwa. Bob Marley, mawaƙin Jamaika, an gano masa wannan cuta a yatsan ƙafa a 1977, bai yarda a cire yatsan ba, ya rasu a 1981 yana da shekara 36. Tun 2011 an samo magunguna masu tayar da garkuwar jiki ta yaƙi cutar, amma tsadarsu ta fi ƙarfin rumbun talaka.

A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji. Sai dai hanyar zuwa can daga gidan likita na ƙauye take farawa. Don haka muke roƙon ma'aikatan lafiya, in tsoho ya zo da gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa, kada a tsaya ga wanki da ɗauri, a ba shi takardar zuwa babban asibiti. Tsofaffin da ba su iya duƙawa kuwa, jikokinsu su riƙa duba masu tafin ƙafa da tsakanin yatsu lokacin wankin ƙafa da marece.