An Saki Banki, An Bar Masaƙa Ta Mutu

Jama'a, akwai wata magana da waɗansu masana su ke ta nanata mana, wai a saki banki ya yi kiwo inda ya ga dama, kasuwa ita za ta yi masa linzami. To, mu dai ba mu yarda ba, gama ƙasar nan ta ɗanɗana wannan har sau biyu.

Kafin 1952 babu dokar banki a Nijeriya. Wanda duk ya sami ɗaki da tebur a Ikko sai ya kafa allo, wai shi ma banki. Industrial and Commercial Bank ya buɗe a 1929, bai cika shekara biyu ba ya rushe. Sai da aka sha wuya sa'an nan aka yi doka.

Aka manta. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, aka sassauta ba da lasisi, a 1987 kuma aka bar wa bankuna yanka kuɗin ruwa. Bankuna wajen 40 suka zama wajen 120 cikin shekara 6. Arzikin ƙasar ne ya ninka uku? Ina! Gwanjon dala ne ya tara su, a saya da araha a hannun hukuma, a sayar da tsada a bayan fage. Wa zai ranta wa masaƙa kuɗi na shekara goma, alhali ga riba tana zuwa kafin la'asar?

Ku dubi Kakuri ta Kaduna. Gwamnatin Sardauna ce ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na Ingila aka buɗe masaƙar KTL a 1957, dubban magidanta suka ci abinci. A 1986 ɗin nan aka rushe hukumar sayen auduga, naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada, rance ya gagara. Ba mu ce laifin banki kaɗai ne ba, akwai rashin lantarki da atamfar fasa-ƙwauri. Amma mai ciwo aka hana wa magani. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007.

Masu cewa kada gwamnati ta tsoma hannu cikin sana'a, ina su ke a watan Janairu 1998, sa'ad da aka soke lasisin bankuna 26? Hukumar gwamnati ce, watau NDIC, ta shiga biyan masu ajiya, ba mu kuwa ji sun ce a bar wa kasuwa ba. Ma'aikatan KTL fa, shekara da shekaru su ka yi suna bin haƙƙin sallamarsu, da yawa har su ka rasu ba su karɓa ba.