Alƙalamin Da Ya Riga Bindiga Kisa

Ran 20 ga watan Janairu na 1942 waɗansu manyan ma'aikatan gwamnatin Jamus su 15 suka taru a wani ƙasaitaccen gida da ke bakin tafkin Wansi, a gefen birnin Barlin. Takwas daga cikinsu suna da digirin dakta, galibi a fannin shari'a. Zaman nasu bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Abin da suka tattauna kuwa shi ne yadda ma'aikatu za su haɗa hannu a gama da Yahudawan Turai baki ɗaya, waɗanda aka lissafa a takarda ƙasa bayan ƙasa, jimla miliyan 11.

Kafin wannan rana an riga an fara kisan. A Babi Yar, kusa da birnin Kiyef, an harbe mutum 33,771 cikin kwana biyu a watan Satumba na 1941. Aikin taron shi ne tsara al'amarin ya bi hanyar ofis, kowane sashe ya san nasa rabon. Wanda ya rubuta bayanin taron, Adolf Eichmann, ya kauce wa kalmar kisa, ya yi ta amfani da kalmomi irin su kwashewa zuwa gabas. An buga kwafi 30, guda ɗaya tak ya tsira, aka gano shi cikin 1947.

Duk mai nazarin wannan kisan ƙare dangi, wanda ya ci rayukan Yahudawa kimanin miliyan 6, zai tarar alƙalami ne ya share wa bindiga hanya. Cikin watan Afrilu na 1933, watanni kaɗan bayan hawan Hitila, aka yi dokar korar Yahudawa daga aikin gwamnati. Cikin 1935 dokokin Nurambag suka raba su da 'yancin zama 'yan ƙasa, suka kuma haramta auratayya tsakaninsu da sauran Jamusawa. Cikin 1938 aka buga wa fasfunansu hatimi na musamman, sa'an nan cikin 1941 aka tilasta musu liƙa tauraro rawaya a ƙirji. Kowace doka akwai lauyan da ya tsara ta, da akawun da ya buga ta, da ɗan sandan da ya zartar da ita, kuma kowannensu ya tashi aiki da yamma ya koma cikin iyalinsa ya ci abinci.

Hatta jiragen ƙasan da suka yi jigilar mutane zuwa sansanonin mutuwa sai da aka yi musu lissafi irin na kasuwanci. Masanin tarihi Raul Hilberg ya nuna cewa hukumar reluwe ta Jamus ta riƙa cajin kuɗi a kan kowane mutum gwargwadon nisan tafiya, yara 'yan ƙasa da shekara 10 rabin kuɗi, 'yan ƙasa da shekara 4 kyauta. A sansanin Aushwits kaɗai an hallaka mutum wajen miliyan 1 da dubu 100, mafi yawansu Yahudawa. A ƙasar Holan, inda rajistar jama'a ta kasance a tsare tsaf, an kashe kimanin 102,000 daga cikin Yahudawa 140,000. Kyawun ajiyar takardu ya zama bala'i sa'ad da takardun suka faɗa hannun azzalumai.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Cikin 1960 aka kamo Eichmann a Ajantina, aka gurfanar da shi gaban shari'a a Birnin Ƙudus cikin 1961. Hujjar da ya riƙe ita ce shi bawan umurni ne, abin da na gaba suka ce shi ya yi. Alƙalai ba su karɓa ba, aka rataye shi cikin 1962. Tun a shari'ar Nurambag ta 1945 zuwa 1946 an riga an kafa ƙa'ida cewa umurnin shugaba ba ya wanke mai aikata irin wannan laifi.

Akwai kuma waɗanda suka nuna cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Cikin 1940 ƙaramin jakadan Japan a birnin Kaunas na Lituweniya, Chiune Sugihara, ya ga 'yan gudun hijira sun yi cincirindo a ƙofar ofishinsa. Magabatansa suka gindaya sharuɗɗan da yawancin mutanen ba za su iya cikawa ba, shi kuwa ya zauna ya rubuta biza fiye da 2,000 da hannunsa. Cikin 1943 wani ma'aikacin jakadancin Jamus a Danmak, Georg Duckwitz, ya tsegunta ranar da za a yi kamen Yahudawa, masunta suka tsallakar da mutum fiye da 7,000 zuwa Suwidin cikin ƙananan jiragen ruwa. Su ma ma'aikata ne masu magabata, kuma suna da abin da za su yi hasara.

Bayan yaƙi, cikin 1948, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi. Duk da haka cikin 1994 a Ruwanda katin shaida mai ɗauke da sunan ƙabila shi ake dubawa a shingen hanya kafin a sare mutum, bayan gidan rediyo ya daɗe yana kiran Tutsi kyankyasai. An kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100.

Tun 1992 gidan nan na Wansi ya zama wurin tunawa da koyarwa, inda ake kai ɗalibai, har da ma'aikatan gwamnati, su karanta takardar da takwarorinsu suka rubuta. Dalili shi ne irin wannan ta'asa tana bukatar hannuwa dubbai, kuma kowane hannu yana da ikon janyewa. Duk ranar da aka kawo wa magatakarda, ko malamin makaranta, ko mai shela, umurnin ya ware sunayen waɗansu mutane saboda asalinsu ko addininsu, to, ya sani a wannan tebur nasa ne ake fara yanke hukunci. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.